Faransa ko Maleshiya? Ina saka niƙabi, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Gwale ce, na gama digirin farko a BUK. Allah ya buɗa min ƙofa biyu lokaci guda: gurbin digiri na biyu a Liyon ta Faransa da cikakken tallafi, da kuma wani a Kuala Lumpur ta Maleshiya wanda sai Baba ya sayar da filinsa na Ɗanbare kafin a biya. Tun ina aji huɗu a sakandare nake saka niƙabi. Baba ya ce Maleshiya, ai ƙasar Musulmi ce. Umma ba ta ce komai ba, amma na san filin nan shi kaɗai ya rage musu. Ni kuma ko Kaduna ban taɓa wucewa ba. Waɗanda suka zauna a can, me kuka gani?

Wata da ta yi karatu a Faransa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ɗaya ce: niƙabi ba zai yiwu ba. Tun 2010 suka yi dokar hana rufe fuska a bainar jama'a, ta fara aiki a 2011, tarar tana kaiwa Yuro 150. Hijabi kuma mutanenmu suna rikita zancen. Dokar 2004 makarantun firamare da sakandare na gwamnati ta shafa, ban da jami'a. Shekara biyu na yi ina shiga aji da hijabina, ba wanda ya tare ni. Inda na ji jiki wuri biyu ne. Hoton katin zama sai an ɗauka kai ba ɗankwali. Na shiga 'yar rumfar ɗaukar hoton nan ta tashar jirgin ƙasa, na ja labule, na cire, na fito ina share hawaye. Na biyu neman wurin koyon aiki, domin ma'aikatun gwamnati ba sa yarda da alamar addini ga mai aiki a ciki. Ki tambayi makarantar tun yanzu ko karatunki yana da wannan sharaɗin.

Wani ɗan Fagge: Ni Maleshiya na yi, shekara uku. Ta fannin addini kam sai hamdala: kowane babban kanti da gidan mai akwai ɗakin salla, abinci halal ko'ina, azumi kusan awa 13 kullum. Amma 'yar uwa, can ba Musuluncinki za a fara gani ba, fatarki za a gani, sannan koren fasfo. Sau uku ina daidaitawa da mai gida ta waya, da ya gan ni sai ya ce an riga an kama ɗakin. Wanda muka haɗa sahu da shi a masallaci fa! Akwai mutanen kirki da yawa, ba na musu, amma Baba ya san da wannan kafin ya saki filinsa. Kuma Shafi'iyya suke bi, za ki ga 'yan bambance-bambance a salla, kada ki ɗauka kuskure suke yi.

Wata uwa daga Hotoro: 'Yata, kada ki bari 'yan zaure su yanke miki hukuncin addini. Ki sami malamin da Babanki yake jin maganarsa, ku je tare, a yi bayanin matsayin niƙabi. Malamai sun yi saɓani a kai, wasu sun ce wajibi, wasu sun ce mustahabbi. Ki kuma yi istihara.

Wani: Mace ba aure me za ta je yi uwa duniya? Ba ga BUK nan ba?

Ta Faransa ta sake cewa: Malam, ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ƙanwata, na manta: ki fara zuwa Alliance Française, cibiyar koyar da Faransanci ta nan Kano. Ko da Turanci za a koyar, kasuwa da asibiti Faransanci ne. Ki kuma shirya jin "daga Legas kike?" Da kyar za ki sami wanda ya san Kano, sai 'yan Nijar. Su ne suka zama dangina, a wurinsu na sha fura da azumi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, zancen hoton nan ya tsaya min a rai. Na karanta wa Umma duka, ta ce a bari Baba ya dawo daga kasuwa. Yaya na Fagge, ɗakin cikin makaranta fa, shi ma haka ake fama?