Wai majalisar 1959 ta talakawa ce?

Ɗan Tela: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, yau raina a ɓace yake. Zuwana uku gidan ɗan majalisarmu kan rijiyar burtsatsen unguwarmu. Jiya tun La'asar nake kan benci har aka kira Isha'i, sai maigadi ya leƙo wai Honarabul ya fita ta ƙofar baya. Shi ya sa nake cewa ba a sake yin majalisa irin wadda aka zaɓa ran 12 ga Disamba 1959 ba. Mutum 312 suka zauna a Ikko, suka karɓi mulkin kai a 1960, suka mai da ƙasa jamhuriya a 1963. Wannan ita ce majalisar talakawa. Wanda bai yarda ba ya fito.

Jikan Sawaba: Talakawa? Ɗan Tela, ka wanke bakinka. A kujeru 174 na Arewa jam'iyyar NPC ta Sardauna ta kwashe 134, kuma su wa ta tsayar? Hakimai, 'ya'yan sarki, ma'aikatan En'e. Mai karɓar haraji da jangali shi ne talakanka?

Alhaji Salama: Yaro dai yaro ne. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa na NPC ɗan wane sarki ne? Malamin makaranta ne. Ya rasu bai bar dukiya ba.

Jikan Sawaba: Alhaji, ba tsiya nake nufi ba. Talaka shi ne wanda ake mulka, ba wanda aljihunsa ya huje ba.

Malam Na-Zazzau: Allah gafarta, kalmar tana ɗaukar ma'ana biyun. Akwai talakan sarki, akwai talaka fitik.

Jikan Sawaba: An zo wurin. Wa ya tambayi Bazazzagi fassara?

Malam Na-Zazzau: Bakano ai ko ƙamus ka ba shi, farashinsa zai fara tambaya.

Alhaji Salama: Ku bar wasa. Tunda kuna cewa NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, ita ce ta talakawa, kujera nawa talakawan suka ba ta? Takwas. Kuma Malam Aminu Kano da ya ci Kano ta Gabas, a ɓangaren gwamnati ya zauna, har da muƙamin mataimakin mai tsawatarwa, don abokiyar ƙawancensu, jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, ta haɗa gwamnati da NPC. Awolowo ne jagoran adawa, ba shi ba.

Jikan Sawaba: Takwas ɗin ma da ƙyar aka bari. Kakana ya ce kowane ɗan takara da akwatinsa, na fartanya, alamar NPC, daban, na tauraro, alamar NEPU, daban, ga ɗan doka a bakin ƙofa, gobe kuma gaban alƙalin En'e za ka tsaya in an ga dama. Sai da ya kwana uku a ɗaure saboda ya ce Sawaba, taken NEPU, a kasuwa.

Alhaji Salama: Nawa kakan kuma ya ce lafiya lau aka yi zaɓe.

Jikan Sawaba: Mene ne sana'ar kakan naka?

Alhaji Salama: Ba ruwanka.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, kuna ta talaka talaka. Uwata tana da 'ya'ya huɗu a 1959, ba ta jefa ƙuri'a ba, don ba a ba matan Arewa dama ba sai a shekarun 1970. Matan Kudu sun jefa. Gambo Sawaba ta sha ɗauri kan irin wannan magana. Ko mu ba talakawa ba ne?

Ɗan Tela: Hajiya, gaskiya ne, amma ni maganar aiki na kawo.

Ɗalibin Tarihi: In aiki ne, a duba duka. Wannan majalisar ce ta amince da yarjejeniyar tsaro da Ingila a 1960, ɗaliban jami'ar Ibadan suka yi mata ca, aka soke a Janairun 1962. Ita ce ta sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma ran 29 ga Mayu 1962, aka naɗa Dokta Majekodunmi kantoma. Jagoran adawarta Awolowo ma a kurkuku ya ƙarasa wa'adin, shekara goma aka yanke masa a 1963. Ga rikicin ƙidaya, ga zaɓen Disambar 1964 da ƙawancen jam'iyyu na UPGA ya ƙaurace wa.

Kawu Gombe: Duk kun manta da kakakin majalisar. Bayan Jaja Wachuku, namu ne ya hau, Ibrahim Jalo Waziri, daga 1960 har juyin mulkin 1966. Mutumin Gombe.

Baffan Bauchi: Lardin Bauchi dai, Kawu. Lokacin ina Jihar Gombe? Firayim Minista namu, kakaki namu.

Kawu Gombe: Tun 1996 muka raba gari, har yau ba ku saki ba?

Baffan Bauchi: Mun saki, tarihi ne bai saki ba.

Jikan Sawaba: Ku lura, sunan ma Waziri. Talaka ne?

Kawu Gombe: Kai yaro, kiyaye ni.

Malam Na-Zazzau: Ni har yanzu ba a ba ni haƙuri ba.

Ɗan Tela: Jama'a, rijiyar fa?

Alhaji Salama: Dare ya yi, a matsayina na shugaban zaure bari in tattara. An yi ittifaƙi majalisar 1959 ta dattawa ce masu kishin talaka, kuma an tabbatar talakawa da kansu NPC suka zaɓa, 134 da 8. Wani yaro ya kawo labarin kakansa babu shaida. Maganar Hajiya mun ji, Allah ya ƙara girma. Abin da Ɗalibi ya rubuto rigimar mutanen Yamma ce. Kakaki kuma ɗan Arewa ne, shi ke nan. Na rufe.

Jikan Sawaba: Ittifaƙin wa? Kakan Alhaji dagaci ne, a tambaye shi.

Hajiya Babba: Ɗan Tela, in za ka koma gidan nan gobe, ka tsaya ta ƙofar baya.