Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba na'urar fiyul sel?

'Yan'uwa masu fassara da malaman kimiyya, ina neman mu tsayar da suna guda ga na'urar da Turawa ke kira fiyul sel, wadda ake ɗura wa haidirojin ta gefe ɗaya, iska ta ɗaya gefen, sai ta ba da lantarki da ruwa da zafi ba tare da harshen wuta ba. William Grove ne ya gwada ta a Birtaniya a 1839, irinta ce ta ba kumbon Apollo na Amurka wuta da ruwan sha, kuma tun 2014 Toyota ke sayar da motar Mirai mai aiki da ita.

Ban gamsu da "batirin haidirojin" ba. Batir ajiya yake yi, idan ya ƙare a sa shi caji, ita kuwa ba ta ajiye komai, muddin ana ɗura mata ba za ta tsaya ba; ga shi kuma wasu nau'o'inta da metanol ko iskar gas suke aiki. "Janareto" ma bai dace ba, tunda babu abin da ke juyawa a cikinta.

Shawarata ita ce "ƙwayar makamashi", kuma hujjata tana cikin aikin masu auna ƙwazonta da lissafi a kwamfuta. A ƙa'ida, kowace guda ɗaya tana ba da ƙarfin lantarki bolt 1.23, amma da zarar an ɗora mata aiki sai ta sauko wajen 0.6 zuwa 0.7, shi ya sa ake jera ɗaruruwa kafin su ja mota. Masu lissafin daga guda ɗaya suke farawa, suna bin inda ƙarfin yake zubewa: jinkirin haɗuwar sinadarai a kan ƙarfen filatinam da ke cikinta, turjiyar siririyar fatar da ke raba gefen biyu, da gazawar iska wajen isa inda ake bukatarta idan aiki ya yi yawa. Batun ruwa ya fi wuya, domin idan fatar ta bushe turjiya ta ƙaru, idan ruwa ya yi yawa ya toshe hanyar iska; a kansa masani Springer da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka suka gina lissafinsu na 1991. Saboda haka muna bukatar sunan da zai bambanta guda da taro: ƙwaya ɗaya, da jerin ƙwayoyi, kamar yadda kunne ya riga ya saba da ƙwayar zarra.

Shi kansa aikin lissafin ina ganin sunan "kwaikwayo da lissafi" ya wadatar.

Abin da ke damuna shi ne yadda jaridu ke amfani da "makamashi" ga abin da ake ƙonawa da kuma ƙarfin da ake samu, har wani zai iya ɗauka ƙwayar hasken rana ake nufi. Malamai, ko akwai kalmar da ta keɓanta da abin da ake ɗurawa, wadda ba "mai" ba?