Zakka Ya Mayar Ninki Huɗu, Shi Wannan Fa?

Ishaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Yau kam sai na faɗa, don abin ya tsaya mini a wuya. A taron falkaswa na makon jiya wani bawan Allah ya fito gaba ya durƙusa yana kuka, ya ce ya karɓi Yesu. Ranar Lahadi aka ba shi makirfo ya ba da shaida, zumuntar mata suka tashi da guɗa. Mutumin nan bara ya karɓi kuɗin buhu shida na taki a hannuna, ya karɓi na wasu, har damina ta fita ba taki ba kuɗi. Ina ji ina gani masarata ta yi ja a gona. Da aka tashi sujada muka yi kiciɓis a bakin ƙofa, ya miƙo mini hannu wai "ɗan'uwa, tsohon abu ya wuce." Ya wuce ina? Ku buɗe Luka 19. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, attajiri ne, gajere, ya hau itacen ɓaure don ya ga Yesu. Da Yesu ya sauka gidansa bai tsaya kuka ba, miƙewa ya yi ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. A nan ne Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Ni ban nemi ninki huɗu ba, nawa kawai. Tuban da bai taɓa aljihu ba, ba tuba ba ne. Amma haka sabbin tuban nan suke, kuka a gaba, wayo a baya.

Saratu: Kai yaya Ishaya, sannu. Allah ya mayar maka da alheri.

Ɗanladi: Tsaya tukuna ɗan'uwa. Su wane ne "sabbin tuban nan"? Ka yi mana bayani.

Ishaya: Maganar kuɗin taki nake yi.

Ɗanladi: A'a, ka rubuta da hannunka, yana nan sama. Mahaifina sai da ya yi furfura ya bi Yesu. Ranar da ya ƙona layu da kayan bori na gidanmu, 'yan'uwansa suka ƙwace gonar gado, ko gaisuwar mutuwa ba su ƙara zuwa mana ba. Shi ma sabon tuba ne. Wane wayo ya yi a baya? Ku da aka haifa a cikin ikilisiya me kuka taɓa rasawa saboda sunan Yesu?

Saratu: Gaskiya kalmar ta yi nauyi, ni ma sai da na sake karantawa.

Bitrus: Ba ta yi nauyin komai ba. Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti, wasiƙa ta fari sura 3, kada a naɗa sabon tuba shugaba don kada girman kai ya ɗauke shi. To mu kuma mutum ya durƙusa ran Alhamis, Lahadi mun miƙa masa makirfo.

Ɗanladi: Ba da shaida shugabanci ne? Shi Bulus ɗin da kake jawowa, bayan abin da ya same shi a hanyar Dimashƙu kwana nawa ya yi kafin ya fara wa'azi a majami'un Yahudawa? Nan da nan, in ji Ayyukan Manzanni 9. Da kai ne Hananiya, wanda Ubangiji ya aika wurin Bulus a Dimashƙu, da ka ce ya jira ya gama ajin baftisma na wata shida.

Mama Rifkatu: Yarana ku saurara. Duk mai zagin sabon tuba kakansa yake zagi. Mu a Wusasa mun san tarihi. Dokta Miller, Baturen mishan, ya zauna a Zariya tun 1905, waɗanda suka fara binsa ba a haife su a coci ba, balle mutanen Gimi da suka fito daga cikin Isawa, wato Musulmin nan masu girmama Annabi Isa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, Bature shi kaɗai ya iya wannan Hausa? Da sabbin tuba aka zauna aka yi aikin. Shi ne kuke karantawa kuna yi musu gori da shi.

Bitrus: Mama, da girmamawa, ba na gardama da ku, amma in tarihi ne Wase ta riga ku. Ɗan mishan Karl Kumm da mutanensa sun kafa zango a gindin dutsen Wase a 1904.

Yohanna: To ai duk kun makara. 'Yan mishan ɗinmu Bingham da Gowans da Kent sun sauka Legas a 1893.

Bitrus: Sun sauka, sai me? Gowans da Kent sun rasu a shekarar da ta biyo, Bingham ya koma gida. Tashar mishan ɗinku ta farko sai 1902, a Patigi, ƙasar Nufe. Mutum nawa suka tuba a 1893? Kawo suna ɗaya.

Yohanna: Mutanen da suka ba da ransu kake cewa "sai me"? Allah ya gafarta maka.

Kwada: Mu dai 1923 ne a Garkida, ƙarƙashin tsamiya, ba mu yi wa kowa gori ba. Kuma duniya ta ga abin da ikilisiyarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) ta biya a shekarun nan, ba sai na faɗa ba. Wanda ya zo ƙarfe biyar na yamma da wanda ya zo da asuba dinari ɗaya aka ba su, Matiyu 20.

Ishaya: Jama'a, taki fa. Buhu shida.

Ɗanladi: Ka janye kalmar, sai mu yi maganar taki.

Ishaya: Wace kalma zan janye? Bai tuba sabo ba? Da ya tuba tsoho ai da na ce tsohon tuba.

Ɗanladi: Ka ce "sabbin", jam'i. Ka ce "nan". Wannan "nan" ɗin raini ne, duk mai jin Hausa ya sani.

Filibus: Baba Dattijo da iyayena a nan, ku ba ni dama in ce wani abu, don a makaranta mun zauna a kan wannan sura. Yaya Ishaya yana da gaskiya a abu ɗaya, amma ya juya jerin labarin. Zakka bai yi alkawarin komai ba a lokacin da Yesu ya ɗaga kai ya kira sunansa. Yana kan itace, kuɗin mutane na gidansa, Yesu ya ce ya yi maza ya sauko, yau a gidansa zai sauka. Alheri ya fara zuwa. Jama'ar gari suka hau gunaguni, wai ya shiga gidan mai zunubi, kuma ba ƙarya suka yi ba, don masu karɓar haraji aikin Romawa suke yi, abin da suka ɗora a kai shi ne ribarsu. Sai bayan an karɓe shi ya miƙe ya yi maganar dukiya. Amma ku dubi girman abin da ya ɗaukar wa kansa. A Littafin Firistoci sura 6, wanda ya cuci maƙwabcinsa ya kuma zo ya amsa laifi, zai mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar. Ninki huɗu hukuncin wanda ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar ne, Fitowa 22, shi ne kuma Dawuda ya yanke da annabi Natan ya ba shi labarin 'yar tunkiyar matalauci. Wato Zakka da bakinsa ya sa kansa a sahun ɓarayin tumaki, alhali shari'a ta ba shi hanya mai sauƙi. Ba da kuɗin ya sayi ceto ba, amma da ceto ya shiga gidan, kuɗin mutane bai iya zama a ciki ba. A sura 18, kafin wannan kaɗan, wani attajiri mai kiyaye dokoki tun yana yaro ya tafi da baƙin ciki da aka taɓa maganar dukiyarsa. Luka ya jera su kusa da juna da gangan. Shi ya sa ni ba zan ce mutumin nan bai tuba ba, kwana nawa ne duka? Amma in wata ya zagayo bai tako ƙofar yaya Ishaya ba, ko da mudu biyu na masara da haƙuri a bakinsa, dattawa su kira shi.

Yohanna: Filibus, wannan "amma" taka ayyuka kake shigo da su ta taga. Afisawa 2:8, ta wurin alheri, ba ta ayyuka ba. Ɓarawon da ke kan gicciye wa ya mayar wa kaya?

Bitrus: Da wane hannu zai mayar, an kafe su da ƙusa? Mai takin nan hannunsa a sake yake, har babur ya saya.

Hannatu: Babur ɗin na ƙanensa ne. In ba ku san abu ba ku yi shiru.

Bitrus: To fa. Ishaya bai kira suna ba, ke ya aka yi kika san wane babur?

Hannatu: Garin nan guda nawa yake? Kuma shi ma cutarsa aka yi, dillalin da ya ba kuɗin ne ya gudu da su. Ba wanda ya tambaye shi.

Saratu: Ni ma haka na ji a kasuwa.

Ishaya: A bakin wa?

Saratu: Ana dai faɗa.

Mama Rifkatu: Tunda an kawo ɓarawon gicciye, ni tambayata, an yi masa baftisma? Ba a yi ba, ya kuma shiga Firdausi. To masu cewa tamu ta yayyafi ba baftisma ba ce, sai an dulmuya mutum a rafi, su amsa mini.

Yohanna: Mama ku yi haƙuri, amma Yesu fitowa ya yi daga cikin ruwan Urdun, ba kofi aka kawo ba.

Mama Rifkatu: Yohanna, ni na goya uwarka ranar aurenta aka kai ta ɗaki. Kofi kake ce mini?

Yohanna: Tuba nake Mama, ba da ku nake ba.

Bitrus: Ga wani sabon tuba mun samu 😂

Ɗanladi: Kun gani ko? Abin dariya ya zama. Wannan shi ne abin da nake faɗa tun ɗazu. Shekara da shekaru muna sujada tare, amma in za a zaɓi dattijo sai a ce "ai gidansu kwanan nan suka shigo." In za a nemi aure sai a ce a bincika asali. Yesu ya ce Zakka ma ɗan Ibrahim ne, a gaban masu gunaguni ya faɗa. Ku kuwa har jikokinmu sabbin tuba ne a wurinku.

Kwada: Wannan gaskiya ce mai ɗaci, na gani da idona a zaɓen da ya wuce.

Bitrus: Wane zaɓe? Ƙuri'a aka kaɗa a fili, wanda ya faɗi ya faɗi.

Lami: Ni abin da ya ɓata mini rai, me ya kawo zumuntar mata cikin maganar? Yaya Ishaya ka ce mun tashi da guɗa kamar mun yi laifi. Luka 15 ta ce mala'iku ma suna murna a kan mai zunubi ɗaya da ya tuba. Sai mun nemi rasit ɗin taki kafin mu yi guɗa? Kuma ranar bikin ƙanwarka wa ya dafa abincin?

Ishaya: Na gode da abinci. Matiyu 5:23 ta ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka na da magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Ban ga inda aka ce a ba ka makirfo ba.

Hannatu: Matiyu 18 kuma ta ce ka same shi ku biyu kaɗai kafin ka kai gaban jama'a. Ka je?

Ishaya: Ƙafata ta san ƙofar gidansa fiye da ta gonata. Kullum "ya fita."

Filibus: Wannan ita ce maganar da ya kamata a tsaya a kai, don in ya je shi kaɗai bai samu ba, mataki na biyu shi ne ya tafi da mutum ɗaya ko biyu.

Ɗanladi: Har yanzu bai janye ba fa.

Dattijo Ayuba (mai kula da zaure): Salama. Na karanta duka, dare ya yi, bari in tattara. Na ɗaya, kowa ya yarda cewa ceto ta wurin alheri ne ba ta biyan bashi ba, kamar yadda ɗanmu Filibus da Yohanna suka nuna daga Nassi, kuma Yesu ya shiga gidan Zakka tun bai biya ko kwabo ba. Na biyu, an tabbatar cewa ɗan'uwan da ake magana a kansa shi ma cutarsa aka yi, mutum biyu sun shaida. Ni na san gidan, 'yata tana aure a can, mutanen kirki ne. Na uku, kalmar da Ishaya ya yi amfani da ita ta ɓata wa mutane da yawa rai, ya kamata ya nemi gafarar Ɗanladi da zumuntar mata. Ya kuma duba Luka 15 da kyau, akwai wani wa da ya ƙi shiga gida ranar da ƙanensa ya dawo. Na huɗu, a batun tarihi magana ta tsaya a kan 1893. Batun baftisma kuma Mama ta fahimci inda Nassi ya dosa. Maganar kuɗi ba ta zaure ba ce, kada a sake kawo ta. Masu ajin baftisma, Asabar ƙarfe huɗu. Zan rufe zaure sai da safe.

Filibus: Baba, ba a nan maganata ta tsaya ba, akwai rabi na biyu.

Mama Rifkatu: Ayuba, yaushe na fahimta? Kada ka rufe, ina rubutu.