"In kunne ya ji, jiki ya tsira": wane irin ji ake nufi?

Baban Sadiƙu: Salamu alaikum, jama'a. Karin maganar nan ce ta haɗa ni gardama da ƙanena mai karatu a Amurka, a kan gargaɗin da wasu malaman jami'o'in can ke yi wa ɗalibai kafin darasin da ya ƙunshi fyaɗe, kisa ko wariyar launin fata. Shi a wurinsa hujja ce: an gargaɗi kunne, jiki ya tsira. Ni kuwa na ce ɗalibin da ya fice daga aji kunnensa bai ji komai ba. Wa ya fi kusa da nufin magabata?

Malam Na-Zazzau: Wa alaikumus salam. Ina bayanka, Baban Sadiƙu, domin abin da ke tsirar da jiki shi ne labarin haɗarin kansa, komai ɗacinsa. A 2013 Kwalejin Oberlin ta ba malamanta shawarar yin irin wannan gargaɗi, har ta kawo misali da littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, wanda yaranmu ke karantawa tun a sakandare. Da malamai suka yi ca, sai aka janye shawarar. A 2016 kuma Jami'ar Shikago ta rubuta wa sababbin ɗalibanta cewa ba ta goyon bayan gargaɗin, kuma ba za ta soke gayyatar mai jawabi don ra'ayinsa na da zafi ba.

Hajiya Uwar Biyu: Malam, a gafarce ni, kun haɗa gargaɗi da ɓoyewa, alhali hanyarsu daban. Kakata, Allah ya jiƙanta, ita ake aika ta kai saƙon mutuwa a unguwarmu, kuma ba ta taɓa faɗa daga bakin zaure ba. Sai ta shiga, ta gaisa, ta sa a sauke tukunya daga murhu, ta karɓi goyon da ke bayan matar gida, ta ce jikin wane ya yi tsanani. Wata rana ta je wa wata mai tsohon ciki da rasuwar mahaifinta, ta zauna tun hantsi har azahar tana jiran mijin ya dawo daga gona, sannan ta faɗa mata ƙarara, ba ta rage ko harafi ba. Da aka ce ta daɗe, wannan karin maganar ta kawo. Ɗalibar da aka taɓa yi wa fyaɗe, laifi ne a ce mata gobe darasin a kan dokar fyaɗe yake?

Malam Na-Zazzau: Hajiya, kakarki ta faɗa, matar kuma ta ji. Abin da majalisar ɗaliban Jami'ar Kwanel ta nema a 2023 shi ne a wajabta gargaɗin, a kuma bar ɗalibi ya tsallake darasin ba tare da an rage masa maki ba, kuma shugabar jami'ar ta ƙi.

Ɗan Kurmi: Ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu masu mulki suka mai da karin maganar barazana. In sun ce kunne ya ji, nufinsu baki ya yi shiru. A 2022 an tsare wani ɗalibin jami'a a Jigawa saboda rubutun da ya yi a Twitter. Wane jiki ne ya tsira a nan?

Goggon Yara: Hajiya, ba ki gaya mana yadda matar ta ƙare ba. Ta sauka lafiya? Sannan ina son in ji: da mijin bai dawo ba har magariba, kakar taki za ta faɗa ne, ko za ta koma gida da saƙon?