Aji mai yoyo: yaya kuka yi da naku?

Malamin aji huɗu: Assalamu alaikum. Tun ruwan farko iska ta yaye mana gefen rufi. Da hadari ya haɗo sai in kwashi yarana in cusa su ajin maƙwabta, malamai biyu a kan allo ɗaya. Ginin na zamanin UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wajen 1976. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya taimaka da shawara.

Kafinta: Malam, kafin ku sayi kwano a samu mai hawa ya duba katakon. Sau da yawa iska ba ta da laifi, gara ce ta gama cinye katako, ƙusa ba ta da abin kamawa. Na taɓa hawa wani rufin makaranta, na sa yatsa kawai katakon ya burme, ga kashin jemage ya danne silin har ya yi ciki. Bangon irin ginin nan kuwa lafiyarsa ƙalau, bulonsa ya fi na yanzu siminti. Ruwa ne ke kashe shi: ya jiƙa silin, ya bi bango, filasta ta ɓare, daɓe ya farfashe. Aikin da bandir ɗaya na kwano zai tare bana, baɗi sai an kira birkila. In kun sa sabon katako ku shafe shi da baƙin mai.

Tsohon hedimasta: Kafinta ya gama magana. Ni na yi ritaya ina jiran amsar takardun da na rubuta sama. Gyaran kirki na ƙarshe da na gani a makarantarmu tun zamanin PTF ne, asusun rarar kuɗin man fetur, kafin 1999. Ba wai doka ba ta tanadi kuɗi ba. Dokar UBE ta 2004, wato ta ilimin matakin farko ga kowa, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason daidai wa daida kafin ta karɓa, kuma jihohi da dama kan bar nasu yana kwance. In kuɗin ya fito ma, ɗan kwangila ya fi son sabon gini ko fenti, abin da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Wa zai kira 'yan jarida don an canza katakon rufi? An taɓa fente mana aji tsaf, alhali samansa a buɗe yake.

Maman 'yan biyu: Baba, ku kuna ta rufi, ni masai ne damuwata. Na makarantar 'ya'yana ya rufta, 'yan mata manya sai su koma gida, da yawa ba sa dawowa sai washegari. Katanga babu. Da dare 'yan shaye-shaye ke kwana a aji, tagogin ma an ɓalle an kai wa 'yan gwangwan.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar wasu lakwal ɗin, wato makarantun boko, ajin zana ne. Kun dai ji gobarar Nuwamban 2021 da ta ci yara sama da 20 a garinmu, Allah Ya jiƙansu. Ku riƙe tsohon gininku da kyau.

Tsohuwar ɗaliba: Amin. Mu 'yan ajinmu muka yi karo-karo ta WhatsApp. Ba mu ba kowa kuɗi a hannu ba, kaya muka saya, mai unguwa da kwamitin makaranta suka sa ido, aka biya kafinta ladansa. Aji biyu kawai muka iya, sauran suna nan yadda suke.

Malamin aji huɗu: Na gode ƙwarai. Zan sa hedimasta ya kira iyaye da kwamiti ranar Asabar. Malam kafinta, in rabin katakon ne ya lalace, ana iya yin ƙari ko dole a sauke duka?

Kafinta: Sai an buɗe silin tukuna. Amma daga gobe kada ka bar yaro ya zauna ƙarƙashin inda ya yi ciki.