Neman Shawara: Hotunan Mahaifina da Izinin Bugawa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar akwatin ƙarfe cike da hotuna, kuma na tura wa ƙungiyarmu ta tarihin Jos kaɗan daga ciki. Yanzu shugabanni suna so su buga su a kalandar da za a sayar, sun nemi in sa hannu cewa na ba da izini. Akwai na ma'aikatan kuza a Bukuru da mahaifin namu ya ɗauka da kansa a 1964, akwai na Kasuwar Terminus na 1990, kafin gobarar 2002, waɗanda ke da hatimin wani mai hoto a bayansu, sai kuma na bikin gwaggonmu. Shin ina da hurumin ba da wannan izini?

Wani lauya a ƙungiyar: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba. Mallakar takardar hoto daban, haƙƙin mallakar hoton daban, domin haƙƙin yana hannun wanda ya ɗauka ne, sai fa in ya miƙa shi ga wani a rubuce. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, hoto yana da kariyar shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a, ko daga ɗaukarsa idan ba a fitar ba. Ke nan hotunan Bukuru da suka zauna a akwati, kariyarsu ta ƙare tun 2014, ko da yake takardun kansu gado ne, don haka ka sanar da 'yan'uwanka. Na Terminus kuwa kariyarsu tana nan har 2040 aƙalla, kuma tunda kuɗi zai shigo, kada ka sa hannu a kansu sai mai hoton ko magadansa sun yarda a rubuce.

Wata Hajiya daga Gangare: Ɗana, ni hoton bikin ne ya tsaya mini a rai. Matan da suka tsaya a tsakar gida ba mayafi, hannu duk lalle, sun yi hakan ne saboda sun san a gida hoton zai zauna, ba a bangon shagon mai shayi ba. Ka je ka gaishe da gwaggonka in tana raye, ka nuna mata, in ta ce a'a, ka mayar da shi akwati ko da doka ta ba ka dama.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta: Ka kai wa tsofaffin masu hoto na cikin gari hatimin nan, sun san juna, da wuya a rasa wanda zai nuna maka gidansa. Kada kuma ka saki na asalin, kwafi kawai za ka bayar, kuma a rubuta sunan wanda ya ɗauka a ƙarƙashin kowane hoto.

Mai tambaya: Na gode. Gwaggo tana Nasarawa, gobe bayan la'asar zan kai mata.