Obamacare ta buɗe wa masu son likitanci ƙofa kuwa?

Hadiza: Jama'a, ƙanena yana neman gurbin karatun likitanci a Amurka. An ce masa tun da Obama ya sa hannu a dokar gyaran harkar lafiya da ake kira Obamacare a 2010, shiga ta yi sauƙi. Mutum kusan miliyan 20 sun sami inshora, ai dole a nemi ƙarin likitoci. Ni dai na gamsu.

Dakta Bello: Ƙanwata, ba a nan gizo ke saƙar ba. An ƙara gurabe kam, amma tun 2006 ƙungiyar makarantun likitanci ta AAMC ta nemi a ƙara kashi 30 cikin ɗari, ba a ma haifi dokar ba. Shekara huɗu ta digiri, huɗu ta likitanci, duk da haka babu lasisi sai an yi horo a asibiti. Mafi yawan kuɗin da gwamnati ke zubawa a horon daga Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnati don tsofaffi, yake fitowa, kuma majalisa ta ƙayyade yawan guraben horon da Medicare ke biya tun 1997. Sai ƙarshen 2020 ta ƙara 1,000.

Malam Isa: Dakta, ka yi wa dokar rowa. Asibitoci sun ci gaba da buɗe guraben horo da aljihunsu. Kuma dokar ta yi wa likitocin iyali ƙarin kashi 10 a kuɗin da Medicare ke biyansu. Wannan ba jan hankalin matasa ba ne?

Dakta Bello: Malam, ƙarin ya ƙare a 2015. Yaro ya fito da bashin kusan dala 200,000 a wuya, yana ganin likitan ƙashi na samun kusan ninki biyu na likitan iyali. Ina kake so ya nufa? Abin yana ci mini rai, domin waɗanda suka sami inshorar nan, likitan iyali suka fi buƙata.

Malam Isa: Ban yarda kuɗi kaɗai ke jan mutum ba. Maras lafiyan da a da sai ciwo ya ci ƙarfinsa yake zuwa sashen gaggawa, yau yana zuwa da wuri. Likitan da ya ga haka ya san aikinsa ya sauya.

Hadiza: To Yaya Bello, me zan ce wa yaron nan?

Dakta Bello: In ba shi da takardar zama ta dindindin, ya fara tantance makarantun da ke karɓar baƙi. Kaɗan ne, kuma ba zai sami rancen karatu na gwamnatin tarayya ba.